Milan ko Landan: amsar da na ba 'yar ƙanwata mai zanen yadi

Da ta gama hidimar ƙasa ta dawo gida, 'yar ƙanwata ta zo ta same ni wata Asabar bayan la'asar a zauren gidanmu na cikin birnin Zariya. Yayana na zaune a bakin ƙofa inda haske ya fi, yana fitar da aska takwas a ƙirjin wata farar shadda, aikin da ya gada daga mahaifinmu. Ta durƙusa ta gaishe mu, sannan ta miƙo mini wayarta da shafukan makarantu biyu a buɗe. Zanen yadi ta karanta a sashen Industrial Design na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ranta ya kwanta a kan ta fita waje ta yi digiri na biyu. Ta ce, "Kawu, ku da kuka taka ƙasashen nan da ƙafarku, ina za ku ce in nufa, Milan ko Landan? Malamaina sun rabu biyu, Umma kuma ta ce duk abin da kuka yanke shi ke nan."

Ban ba ta amsa a ranar ba, na ce ta ba ni mako biyu. Abin da na tattara na faɗa mata shi nake rubutawa a nan, domin na san ba ita kaɗai ba ce. Duk shekara Samaru na yaye yara masu hannu, masu zanen yadi da masu ginin tangaran da masu zanen talla, kuma da yawansu wannan tambayar ke ci musu tuwo a ƙwarya. Ni harkar fata na karanta a kwalejin fata ta Samaru, wadda yanzu ake kira NILEST, na yi shekaru ina aiki a wata majemar zamani a Kano. Aikin ya sha kai ni Italiya baje kolin fata, ya kuma kai ni Landan sau biyu wajen masu sayen kayanmu. Da idon ɗan kasuwa kuma ɗan gidan maɗinka na auna biranen nan.

Dukkansu biyun duniya na zuwa ɗaukar darasi a wurinsu, amma abin da ya ɗaga kowanne daban ne. Milan ta yi suna ne saboda garuruwan masu sana'a da suka kewaye ta. Landan kuwa makarantunta ne da gidajen tarihinta da 'yan jaridarta, da tarin jinsin mutanen da suka cakuɗe a cikinta. In ka kai zane Milan, tambayar farko ita ce yaya za a ƙera shi, da me, nawa zai ci. In ka kai shi Landan, za a tambaye ka me kake nufi da shi, wa kake yi wa magana. Wanda bai san wace tambaya ce aikinsa ya fi buƙata ba, gara ya dakata da neman biza.

Bari in fara da Milan, don ita na fi sani. A birnin Kano in aka ce Dukawa, ko Soron Ɗinki, ko Ƙofar Mata, kowa ya san sana'ar wurin. Haka arewacin Italiya yake, sai dai su gari guda ne ke riƙe da sana'a guda. Arewa da Milan akwai yankin Brianza, ƙasar kafintoci da masu kujeru: kamfanin Cassina yana garin Meda tun 1927, Molteni yana Giussano, B&B Italia yana Novedrate, kuma bayan waɗannan manyan akwai ɗaruruwan ƙananan shaguna na iyali, wannan lanƙwasa katako kawai ya iya, wancan ɗinkin fatar kujera, wancan fenti. Gaba kaɗan garin Como ne, gidan siliki da buga zane a kan yadi. Yamma akwai Biella ta masu ulu, inda Zegna ya fara a 1910. Vigevano da Parabiago na masu takalma ne. Makarantar zayyana ta jami'ar Politecnico tana unguwar Bovisa, kuma daga tashar jirgin ƙasa ta Bovisa ɗalibi zai hau jirgi ya sauka Meda cikin kamar rabin sa'a, tafiyar da ba ta fi daga Zariya zuwa Giwa ba. Como ma ba ta kai nisan Kaduna ba. Mai zane zai fita da takardarsa da safe, ya zauna da masaƙi ko kafinta, a ce masa nan ba zai yiwu ba, nan zaren zai tsinke, ya gyara, ya dawo bayan 'yan kwanaki ya ɗauki samfuri a hannunsa.

Misali ɗaya ya isa a gane yadda wannan haɗin ke aiki. Gio Ponti, maginin da ya kafa mujallar Domus a 1928, ya ɗauki wata tsohuwar kujerar gargajiya ta garin Chiavari, ya yi shekaru yana kai-kawo da kafintocin Cassina suna rage mata nauyi, har a 1957 suka fitar da Superleggera, kujerar da nauyinta kilo 1.7 ne, yaro na iya ɗaga ta da yatsa. Har yau ana ƙera ta ana sayarwa. Da na ji labarin nan, kujerar tsugune ta matan gidanmu ce ta faɗo mini a rai, da tabarmar kaba, da faifai. Muna da abin da za a fara da shi. Abin da muka rasa shi ne zaman mai ilimin zane da mai sana'a a inuwa ɗaya na tsawon shekaru.

Duk watan Afrilu wannan yanki ke kwaso abin da ya ƙera ya kai Salone del Mobile, baje kolin kayan ɗaki da aka fara a 1961, wanda yanzu ake yi a babban filin Rho a bakin gari. Cikin kwana shida mutum sama da 300,000 ke shiga. A makon ne kuma cikin gari, musamman unguwannin Brera da Tortona, kowane shago da tsakar gida da tsohuwar masana'anta ke zama wurin nuni, abin da suke kira Fuorisalone. Akwai ɓangaren matasa 'yan ƙasa da shekara 35, SaloneSatellite, wanda Marva Griffin ta kafa a 1998, kuma masu masana'antu na bi ta nan suna neman sabon hannu. Ga gidan nunin Triennale, ga kyautar Compasso d'Oro da ake bayarwa tun 1954, ga makon kayan sawa a Fabrairu da Satumba. A Satumban 2021 'yar Nijeriya ce, Joy Meribe, ta buɗe wannan makon da kayanta.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai game da Milan bai shafi kujera ba. Baje kolin fata na Lineapelle, wanda aka dawo da shi Milan a 2014 bayan ya yi shekaru a Bologna, shi ne ke kai ni. Fatar jar akuyar Sakkwato muke kaiwa, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta hannun fataken Sahara take isa gare su. Mukan jeme ta rabi mu tura, majeman Italiya irin na Solofra da Santa Croce su ƙarasa, su rina, su goge. Wata rana bayan an tashi na bi ta titin Montenapoleone, na tsaya a gaban wani kanti ina kallon jakar mata ta fatar akuya. Na san ƙwayar fatar nan kamar yadda na san tafin hannuna. Kuɗin da aka rubuta a jikinta ya fi abin da muke karɓa a kan fatu masu yawan gaske. Tsakanin akuyarmu da wannan farashi babu komai sai ƙarashen jima, da zane, da yanka, da ɗinki, da suna. Prada kansa shagon dukanci ne da Mario Prada ya buɗe a 1913. Na koma masauki a daren raina a jagule. Haka nan shaddar da yayana ke zuba wa wata uku na ganinsa da bayansa, daga Bludenz ta ƙasar Ostiriya Getzner ke saƙo ta, alhali audugarmu ce ta taɓa ciyar da masaƙun Kaduna kafin su rufe ɗaya bayan ɗaya. Ilimin da ke tsakanin ɗanyen kaya da kayan kanti shi muka fi rashi, kuma a kewayen Milan yake zaune.

Landan tarihinta ta wata hanya ya biyo. Gwamnatin Ingila ce ta ga kayan masana'antunta sun kasa na Faransa kyau, ta buɗe makarantar zayyana a 1837, wadda ta zama Royal College of Art. Bayan babban baje kolin 1851 aka kafa gidan tarihin da ya zama V&A a 1852, da niyyar masu sana'a su zo su kalli aikin duniya su koya. Wato tun asali Landan ta makaranta da taskar kaya ta ɓullo wa abin. Royal College of Art masu neman digiri na biyu da na uku kawai take ɗauka, kuma tun 2015 ita ke zuwa ta ɗaya a jerin QS na makarantun fasaha da zayyana. Central Saint Martins, wadda ta koma King's Cross a 2011, ita ta yaye John Galliano da Stella McCartney da Alexander McQueen. Ina son ɗalibanmu su lura da McQueen: kafin ya shiga makarantar, yana ɗan shekara 16 ya fara zaman koyon tela a titin Savile Row. Almakashi ya fara riƙewa.

Alherin Landan ga ɗan Nijeriya a fili yake. Harshen ka riga ka iya. Shiga V&A da British Museum kyauta ne, kuma a taskokin gidajen tarihin Ingila akwai tsofaffin rigunanmu na saƙi da tsamiya, irin waɗanda a nan sai a adakar gidan sarauta za ka gani, in ma asu bai cinye ba. Akwai makarantar ɗinkin hannu zalla, Royal School of Needlework, tun 1872. Akwai bikin zayyana na Landan duk Satumba tun 2003, da baje kolin 1-54 na fasahar Afirka a Somerset House tun 2013. A 2022 V&A ya yi babban nunin kayan sawa na Afirka, ciki har da aikin Shade Thomas-Fahm, wadda ta yi karatu a Landan ta dawo Legas a 1960 ta buɗe shagonta. 'Yan asalin Nijeriya irin su Duro Olowu da Yinka Ilori da Mowalola Ogunlesi sun yi suna daga can. Ladi Kwali ma, wadda hotonta ke jikin takardar Naira 20, a Landan aka fara nuna wa duniya tukwanenta a ƙarshen shekarun 1950, kafin jami'armu ta Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Landan ta iya ɗaukar mutum ta sa duniya ta san sunansa, kuma tana koya wa ɗalibi ya tsaya gaban jama'a ya kare aikinsa da hujja, abin da yaranmu masu kunya ke matuƙar buƙata.

Rauninta shi ne masana'antun sun yi nisa da ita. Akwai sauran masaƙun ulu a Yorkshire da Sikotlan, akwai masu takalma a Northampton, amma cikin Landan hayar shago ta kori yawancin masu ƙira. Da yawa daga masu zanen kayan sawa na can, in an zo yin kayan da za a sayar, Italiya ko Fotugal suke aikawa. Ɗaliba na iya fitowa da kundin ayyuka mai ban sha'awa da bakin bayani, ba ta taɓa tsayawa kusa da injin buga yadi na kasuwa ba. Akwai kuma wani tarko da na hango: kasuwar can na son ɗan Afirka ya zo da labarin asalinsa, har wani lokaci labarin ya fi aikin tsada. Wanda bai yi hattara ba sai ya koma mai tallar al'adarsa ga baƙi, hannunsa bai ƙaru da komai ba.

A nan ne na tuna mata abin da ya faru a harabar makarantarta tun kafin ta zama jami'a. A 1958, lokacin tana Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wasu ɗalibai, Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Malamansu yawanci Turawan Ingila ne, manhajar ma irin ta Ingila. Ba su ƙi koyon dabarun ba, sun dage ne a kan sai kowa ya koma ya tono zanen gidansu ya haɗa da abin da ya koya. Okeke ya koma ga uli, zanen gargajiya na Ibo da mahaifiyarsa ke yi. Nwoko ya koma ga ginin ƙasa, kuma a 2023 birnin Benis na Italiya ya ba shi Zakin Zinariya na aikin rayuwa a bikin gine-gine na duniya. Ita kuma 'yar Zazzau ce, garin da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya ɗaga bakan gizon Masallacin Juma'a da ƙasa da azara a ƙarni na 19, garin da bangon gidajensa ke ɗauke da dagi da sauran zanen magina. Ba ta da ƙarancin abin faɗa. Wannan ya sa na fara karkata ga birnin da zai ƙara mata hannu.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke yanke hukunci a yawancin gidajenmu. Digiri na biyu a Landan galibi shekara ɗaya ne, kuma kuɗin makaranta ga ɗan waje a Royal College of Art ya haura fam 30,000. Kafin a ba ka biza sai ka nuna kuɗin zama wajen fam 1,500 na kowane wata har wata tara, ka biya kuɗin lafiya fam 776 na shekara, ka yi gwajin tarin fuka. A canjin 2025, da fam ke wajen Naira 2,000, kuɗin makarantar kaɗai ya wuce Naira miliyan 60. Bayan faɗuwar Naira a 2023 mun ji yadda aka dakatar da wasu ɗaliban Nijeriya a wata jami'a a arewacin Ingila saboda kuɗin da suka tara a gida ya narke kafin su gama biya. An yarda ɗalibi ya yi aikin sa'a 20 a mako, amma bizar ɗalibi ta hana shi sana'ar kansa, wato ba za ta iya ɗinka kaya ta sayar da sunanta ba, ko ta karɓi aikin zane daga wani a biya ta kai tsaye. Tun Janairun 2024 kuma mai irin wannan karatun ba ya tafiya da iyali. Ƙofar da na yarda da ita ita ce tallafin Chevening ko na Commonwealth. Chevening na biyan kusan komai, amma sai mutum ya yi aiki na sa'a 2,800, kimanin shekara biyu, kuma ya yi alkawarin dawowa gida ya zauna shekara biyu bayan karatu. Na gaya mata a gaban mahaifiyarta cewa ban yarda a sayar da gida ko gonar gado don shekara ɗaya a Landan ba.

Milan kuwa kashi biyu ce, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Akwai makarantu masu zaman kansu da ke cika intanet da talla: Istituto Marangoni tun 1935, IED tun 1966, NABA, Domus Academy. Suna da alaƙa da manyan kamfanoni, amma kuɗinsu ya haura Yuro 20,000 a shekara, kuma wasu kwasa-kwasansu na shekara ɗaya ba su kai matsayin cikakken digiri na biyu da zai ba mutum damar yin na uku ba. Mai niyyar dawowa koyarwa a jami'a ya bincika wannan tun kafin ya biya ko sisi. Sai kuma Politecnico di Milano, jami'ar gwamnati da aka kafa a 1863. Digirinta na biyu shekara biyu ne, ana koyar da fannonin zayyana da dama da Turanci, ciki har da na harkar kayan sawa, kuma mafi yawan abin da ake biya a shekara bai kai Yuro 4,000 ba. Akwai tallafin da suke kira DSU, wanda ake bayarwa bisa ƙarfin aljihun iyali, ya ɗauke kuɗin makaranta ya kuma ba da na abinci da wani abu na zama. Wahalarsa takardu ne: shaidar abin da iyaye ke samu, a fassara da Italiyanci, a buga hatimi, a kai a kan lokaci. Neman bizar ma ta shafin Universitaly ake farawa, kuma tana son haƙuri da fara shiri da wuri.

Kada a ɗauka zaman Milan araha ne. A Mayun 2023 ɗalibai sun kafa tantuna a gaban Politecnico suna kwana a ciki don nuna fushinsu kan tsadar haya. Da yawa a garuruwan gefe suke kama ɗaki su riƙa shiga jirgi. Da ka sauka kuma kana da kwana takwas na aiki ka nemi takardar izinin zama, sannan ka jira layin ofishin 'yan sanda na watanni. Duk da haka, in aka haɗa lissafi, shekara biyu a Politecnico ba ta kama ƙafar shekara ɗaya a Landan ba.

Harshe shi ne babban shingen Milan. A aji za a yi Turanci, amma dattijon da ke kan injin a Como, wanda shi ne dalilin zuwanki, Italiyanci yake yi. Na ga wannan da kaina a majemu: injiniya zai yi maka bayani da Turanci na minti biyar, amma sirrin yana bakin tsohon ma'aikacin da ke taɓa fata ya san saura minti nawa a cire ta. Wanda ya je Milan bai koyi harshen ba ya biya kuɗin rijiya ya tsaya a bakinta ba guga. Shekara biyun ma na da amfaninta. Shekara ɗayar Landan, kafin mutum ya saba da sanyi da hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa an fara maganar aikin ƙarshe.

Mahaifiyarta ba ta damu da duk wannan ba, tambayarta ita ce sallah da abinci da mutuncin 'yarta. A nan Landan ta yi wa Milan nisa, kuma ban ɓoye mata ba. Mace mai hijabi ba baƙuwa ba ce a ko'ina a Landan. Ga masallacin Whitechapel, ga na Regent's Park, ga na 'yan Nijeriya a Old Kent Road, ga Peckham inda za ta sami garin tuwo da kuka da daddawa, ga Hausawa da suka daɗe a can, birnin da Sashen Hausa na BBC ya fara magana daga cikinsa a 1957. A Milan akwai Musulmi da yawa, yawanci 'yan Masar da Maroko da Bangaladash da Senegal, akwai mahautan halal a titin Padova, akwai masallaci mai hasumiya a Segrate tun 1988, amma mafi yawan wuraren sallah ɗakuna ne da aka gyara. Hausawa kaɗan ne. Baƙar fata mai lulluɓi za ta sha kallo, wani lokaci a wajen neman haya ma ta ji an ce an riga an bayar. Yarinyar da kewar gida ke saurin karya ta, wannan kaɗai ya isa ya sa ta zaɓi Landan, kuma ba zan ga laifinta ba.

Bayan kammalawa, Birtaniya na ba da izinin zama a nemi aiki na shekara biyu, wanda za a rage zuwa wata 18 daga Janairun 2027. Italiya na ba da har zuwa shekara ɗaya. Albashin farawa ya fi kauri a Landan, hayar ma haka. A Milan matasa kan daɗe suna zaman koyon aiki da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ƙasar ma ba ta da dokar mafi ƙarancin albashi. Mai niyyar zama Turai ya tara kuɗi, Landan ta fi masa. Ita ta ce dawowa za ta yi.

Don haka ga yadda na raba su. Wanda aikinsa ke ƙarewa a kan allon kwamfuta ko takarda, mai zanen talla da tambarin kamfani, mai tsara manhajar waya, mai zanen littafi, mai son zama malami ko mai kula da gidan tarihi, ya nemi Landan, inda kamfanoni irin su Pentagram suke tun 1972, amma ya neme ta da tallafi. Wanda aikinsa sai an taɓa shi da hannu, yadi ko fata ko takalmi ko kujera ko fitila, ya nemi Milan, ta ƙofar jami'ar gwamnati. Wanda kuma bai taɓa sayar da ko gyale ɗaya da ya zana ba, ya fara gwada kansa a Legas, inda Omoyemi Akerele ta kafa makon kayan sawa tun 2011. Kenneth Ize da saƙar aso oke ta masaƙan gida ya kai zagayen ƙarshe na gasar LVMH ta matasan masu zanen kayan sawa a 2019. Kuɗin motar Legas ba ya cin gona. Na kuma gaya mata wani abu da ya faranta mini: a 2021, a rana ɗaya UNESCO ta sa Como da Bida ta ƙasar Nufe cikin jerin biranen sana'ar hannu.

Da mako biyun suka cika na ce mata Milan, Politecnico, da sharaɗi biyu. Na farko ta fara Italiyanci yanzu. Na biyu ta sake kundin ayyukanta, domin na duba shi na ga furanni da layuka irin waɗanda ɗalibin kowace ƙasa zai iya zanawa, babu ko aska ɗaya, babu tambari, babu gidan biyar, alhali a gidan da ake yin su aka haifi uwarta. Ta ce, "Kawu, ai na ɗauka waɗannan tsofaffin abubuwa ne, ba za su karɓa ba." Yayana bai ɗago kai daga ɗinkinsa ba ya ce, "Zo ki zauna nan, ki kawo allura."

Yau wata huɗu ke nan tana zuwa Litinin da Laraba da Asabar, su zauna a soron ciki. Ta auna kowane zane da ma'auni ta kwafe shi a takarda, ta rubuta sunansa da yawan kwanakin da yake ci, abin da ba wanda ya taɓa yi a gidanmu. Ta kai yadi marina a Kano an tsoma mata a baba. Na samo mata fatun akuya shida masu laushi daga tsofaffin abokan aikina, tana gwada fitar da aska biyu a kansu, fatar na yagewa a bakin ɗinki, tana sake tazarar allura. Ta huɗun ce ta fara riƙewa. Ranar Larabar da ta wuce na shigo na tarar tana ƙirga zare da Italiyanci a hankali, yayana na warware mata layi biyu da ya ce sun karkace.